Kwaɗon Auta

A Tamaske, a shekarun farko na mulkin kai, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai gari ya koma na mata da tsofaffi da awaki. Maza sun tafi bida, wato cin rani, wasu Abijan, wasu Kumasi, wasu ma ba su san inda za su ba sai sun hau kamyo, babbar motar kaya. Mai iyali ya bar wa iyali gida. Gwauro kuwa, ko wanda matarsa za ta zauna wurin iyayenta har ya dawo, sai ya ja ƙyaure, ya zura sarƙa, ya danna kwaɗo, ya biya ta gidan Hamani ya ajiye mabuɗi.

Ba wanda ya naɗa Hamani wannan aiki, ba kuma wanda ya taɓa tunanin karɓe shi daga hannunsa. Ɗan gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, yana jan ƙafar hagu. A bayan kunne, inda malamai ke saƙale alƙalami, nan shi yake saƙale gashin kaza, har mutane suka gaji da dariya suka bari. Matarsa ce kaɗai ba ta gaji ba.

Gurguntar a Madawa ya samo ta. Yana saurayi ya yi kaka biyar yana gadin wata mangaza, ɗakin ajiyar gyaɗa, ran nan tarin buhuna ya zame ya danne masa gwiwa. Da ya tashi daga jinya ya san shi da tafiya mai nisa sun yi sallama. Amma bai baro Madawa hannu rabbana ba. Akwai wani tsohon mai gyaran kamyo, Ayuba, da ya taɓa iske shi yana dukan kwaɗon mangaza da dutse don ya cije bayan damina. Ayuba ya ƙwace dutsen, ya zage shi tas, sannan ya zaunar da shi ya fasa wani mataccen kwaɗo ya nuna masa cikinsa: 'yan ƙarafa ƙanana kamar ƙwayar dawa, kowane da siririyar waya mai tsalle a ƙarƙashinsa. Tun daga ranar Hamani yake kallon kwaɗo a matsayin abin da ake iya cuta, kuma wanda ba ya iya kai ƙara.

Kowace Juma'a da hantsi, kafin a tafi masallaci, yakan rataya jakar fatar akuya ya bi gari. Mabuɗai na ciki, kowane da igiyarsa. Bai iya karatun boko ba, saboda haka da ƙulli yake gane su: ƙulli biyu da jan zare na Jima ne, ƙulli uku na wane ne. Idan ya isa ƙofa sai ya yi sallama, ko da ya san ba kowa ciki sai ƙadangaru. Ya goge kwaɗon da tsumma, ya sa ɗan kara mai rami ya hure bakin, ya zura mabuɗi ya murɗa sau uku, ya buɗe, ya rufe. Da rani ba ya sa mai, don mai na kama rairayi. Bakin kiriyo yake kankarewa, fensirin nan da 'yan lakwal ke rubutun boko da shi, ya hura garin a ciki. Idan kuwa hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya fito da 'yar kwalbarsa ta man keken ɗinki, wadda Iro maɗinki ke cika masa a kasuwa, shi kuma ya kai masa albasa. Ya tsoma tsinin gashin kazar, ɗigo ɗaya a ramin mabuɗi, ɗaya a inda lanƙwasasshen ƙarfen ke shiga jiki. Daga nan ya juya kwaɗon bakinsa ya kalli ƙasa don kada ruwan sama ya zauna ciki, ya kifa masa 'yar hula ta fata, wadda shi da kansa yake ɗinkawa daga ragowar da dukawa ke zubarwa.

Ladansa bai taka kara ya karya ba. Wani ya kawo masa sabulu, wani goro, wani ya dawo ya buɗe ɗakinsa sumul ya manta ko sannu. Hamani bai damu ba. Abin da yake so shi ne ya tsaya daga gefe ranar da matafiyi ya sauka, ya ga mutum da ƙurar hanya a gira ya sa mabuɗi, kwaɗo ya amsa nan take kamar jiya aka rufe shi. A nan ne ake ganin haƙoran Hamani.

Matarsa Mairama 'yar makiyaya ce, daga wata ruga a wajen Buza, doguwa, mai magana a hankali, amma maganar tana da ƙaya. Sun haifi 'ya'ya mata biyu, duk an aurar da su, gida ya rage daga su sai tsohuwa, uwar Hamani. Idan ta ga ya duƙufa yana ɗinkin hulunansa sai ta tsaya da ƙwaryar nono a hannu.

"Ni dai ban taɓa ganin inda anka ɗunka ma ƙarhe hula ba," in ji ta, "ga ta maigida duk huji."

"'Yar Hillani, ke mi kinka sani ga ƙohwa? Ku da ɗakinku ko ƙyaure bai da."

"Shi ya sa tsatsa ba ta san mu ba."

Haka suke kullum, shekara ashirin da wani abu. Wanda bai san su ba sai ya ce faɗa suke.

Duk kwaɗon da ke hannun Hamani yana da mabuɗinsa a jaka, ban da guda ɗaya, kuma a cikin gidansa yake. Na ƙanensa ne, Halidu, autan uwarsu. Shekara guda bayan mulkin kai Halidu ya sayi sabon kwaɗo a kasuwa, mai jikin tagulla, ya rufe ɗakinsa zai tafi Abijan. Hamani ya miƙa hannu a ba shi mabuɗi, kamar yadda kowa ke yi. Halidu ya yi dariya ya zura mabuɗin a igiyar layarsa.

"Yaya, wata biyar ɗai na. Kahin shibka ina nan. Ni zan buɗe abina."

Uwarsu, Inna Sabuwa, tana zaune tana ji. Aka yi shuka, aka yi girbi, aka sake. Takarda biyu ta zo daga Halidu a shekarar farko, daga nan shiru. Wasu suka ce sun gan shi a dajin yankan katako, wasu suka ce wani ne mai kama da shi.

A shekara ta uku ciwon yanar ido ya rufe idanun Inna. Bayan nan hankalinta ya fara zuwa yana komawa, yau ta san kowa, gobe ta tambayi ina mijinta, wanda ya rasu tun kafin Halidu ya yi kaciya. Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce mata ba: Auta ya tafi da mabuɗinsa, ranar da ya dawo za ta ji kwaɗonsa ya buɗe. Kwaɗon yana da nasa kuka, sau biyu yake yi, ƙas, ƙas, kuma ta san shi. Ta ja tabarmarta ta koma bakin ƙofar, nan take wuni.

Dangi sun so a ɓalle ɗakin, ko don a zuba kaya. Baffansu Maigari, ƙanen ubansu, ya yi maganar fiye da sau ɗaya. Sai dai a unguwar ba a fasa kwaɗon matafiyi sai labarin rasuwarsa ya tabbata. Bayan sadakar arba'in ake kiran maƙeri ya zo da guduma, kuma duk wanda ya ji ƙarar ya san abin da take nufi. Hamani ya ce muddin yana numfashi guduma ba za ta taɓa ƙofar nan ba, kuma duk ranar da Halidu ya dawo, da mabuɗinsa zai shiga.

Faɗar ta fi yi sauƙi. Kwaɗon da ba a murɗawa mutuwa yake yi a tsaye, Hamani ya fi kowa sani. Ba shi da halin buɗewa ya motsa 'yan ƙarafan ciki. Iyakarsa ya hure, ya ɗiga, ya sa hula, ya yi addu'a. Kuma a ɓoye yake yi, don Inna ba ta yarda kowa ya matsi ƙofar ba. Sai ya bari ta jingina da bango tana gyangyaɗi a ranar hantsi, ya cire takalmi ya yi sanɗa. Sanɗar gurgu kuwa abin kallo ce. Mairama takan toshe baki da gefen zane ta shige ɗaki.

Tsakaninsa da Inna dama ba wata doguwar magana. Shi ne ɗan fari, saboda haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. "Kai wanga" take ce masa, ko ta yi magana da bango shi kuma ya gane da shi ake. Ba ta taɓa yaba masa a gabansa ba. Auta kuwa sunansa a bakinta yake kwana. Hamani bai taɓa cewa komai ba, haka kowane ɗan fari ya tashi ya tarar. Amma wani lokaci, idan yana tsugune yana ɗiga mai a kwaɗon ƙanensa, tsohuwa tana kiran Auta cikin barci, abin yakan sosa masa rai.

A damina ta bakwai kurkunu ya fito masa, kuma a ƙafar dama, mai lafiyar. Wata biyu cur yana kwance, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Yawancin 'yan bida sun dawo noma sun karɓi mabuɗansu, saura kwaɗo biyar na waɗanda ba su zo ba, har da na Halidu. Ga ruwa ana yi kamar da bakin ƙwarya. Dole ya kira Mairama ya damƙa mata jaka da kwalba, ya zare gashin kazar daga bayan kunne kamar mai ba da amanar ɗa.

"Ɗigo guda. Kin ji ko? Guda. Kwaɗo bai son ƙoshi."

"Na ji, Malam. Yunwa za ni ba su, kamar yadda ka saba."

Juma'a uku ta yi daidai yadda ya ce. A ta huɗu kwalba ta ƙare. Ta je kasuwa, ta tarar Iro ya rufe kekensa ya tare a gona. Ta dawo ta dubi mijinta yana nishi, ƙafa ta kumbura suntum, ta ga ba za ta ƙara masa damuwa ba. A makon kuwa wanta Hamma ya kawo mata man shanu daga ruga, sabon kaɗi, rawaya, mai ƙanshi.

To, a inda Mairama ta tashi, babu abin da man shanu ba ya gyarawa. Kaushin ƙafa, man shanu. Hantsar saniya ta tsage, man shanu. Igiyar fata ta bushe, ƙwarya ta fara tsagewa, yaro na tari, duk shi ne. Sai ta yi lissafinta: idan wannan mai wari na keken ɗinki yana tsare ƙarfe, ina ga man saniya? Ta narka shi a ludayi. Kuma ba ta yi rowar ɗigo guda ba, ta ɗura wa kowane kwaɗo har sai da ya yi amai. Na Auta kuwa, da yake ta san matsayinsa a zuciyar mijinta, ninki biyu ta ba shi. Juma'a biyar tana haka, tana dawowa da farin ciki.

A gaskiya rabin laifin na Hamani ne. Shekara da shekaru yana wannan aiki a gabanta, bai taɓa zaunar da ita ya gaya mata dalili ba, cewa duk man da ake ci yana yin tsami, ya yi danƙo, ya kira ƙwari. A ganinsa wannan abu ne da kowa ya sani. Ya manta shi ma sai da aka zage shi a Madawa ya sani.

Ranar da ya fara dogara sanda ya fito tsakar gida, abin da ya fara gani shi ne layin kiyashi, baƙi ƙirin, daga ƙasa har bisa ƙyauren Halidu. Ya ɗaga hular fata. Wari ya bugi hancinsa. Bakin kwaɗon ya toshe da wani abu kamar ƙullun tuwo, rairayi da matattun kiyashi a cakuɗe.

Bai taɓa ɗaga mata murya da gaske ba sai ranar. Ya ja ta bayan rumbu don kada Inna ta ji.

"Mi kinka zuba mai?"

"Man shanu."

"Man shanu! Hura kinka ɗauke shi? Shekara bakwai ina lallaɓa abin ga, kin kashe shi cikin wata guda! Wa ya aike ki? Ku komi man shanu, komi man shanu!"

Mairama ba ta yi kuka ba, ba a gidansu ta koyi kuka gaban mutane ba. Ta dube shi kawai.

"Abin da ya hi kyau cikin ɗakina shi na ba shi," ta ce. Ta ajiye masa jakarsa a ƙasa ta wuce.

Daga ranar ta daina tsokanarsa. Tana dafa masa, tana gaishe shi, tana wanke masa miki, amma ko ya zauna ɗinkin hula a gabanta da gangan ba ta cewa uffan. Hamani ya gane ashe tsokanar nan ita ce gishirin gidan. Ya so ya ba ta haƙuri, girman kai ya hana, ga kuma haushin bai gama sauka ba.

Kwaɗo huɗu bai sha wuyarsu ba. Ya buɗe su da ƙyar, ya cire, ya jiƙa a kananzir kwana biyu, ya yi ta murɗawa har suka saki. Na biyar ne ba ya ciruwa. Ya ɗaura gwangwanin kananzir a ƙarƙashinsa don ya jiƙu a rataye, ko rabin sa'a ba a yi ba Inna ta shaƙi warin.

"Wa ka son ƙone ma Auta ɗaki? Wane azzalumi na?"

Ta kai wa gwangwanin sanda, ta yi ta kuka, ranar ko ruwa ba ta sha ba. Hamani bai sake gwadawa ba. Ya koma sakace abin da tsinke zai iya kaiwa, yana ɗiga kananzir da gashin kaza ɗan kaɗan yadda ba za ta ji ba. Bakin ya washe. Abin da ke can ciki kuwa, Allah kaɗai ya sani. Wata huɗu ya yi da wannan tsoro, har wata rana ya kama kansa yana fatan kada Halidu ya dawo bana, ya yi ta istigfari.

Halidu kuwa a banan ya dawo. Tsakiyar ɗari ne, da safe, irin safiyar da awaki ke cusa kai a toka. Ya kwana a tashar mota, ya tako da ƙafa bayan asuba. Hamani na alwala ya ga wani ramammen mutum a bakin zaure da akwatin kwano a ka, gemu da furfura, yana tari. Da kunnuwa ya gane shi, don kunnuwan ubansu ne. Buta ta faɗi.

Ba su yi wata magana mai tsawo ba. Halidu ya ce ciwo ya kwantar da shi a daji, abin da ya tara ya tafi a magani, kunya ta hana shi dawowa hannu wofi, shekara ta bi shekara. Hamani ya ce ya bar wannan, ya zo ya gai da tsohuwa.

Inna na bakin ƙofar, a duƙunƙune cikin bargo. Halidu ya durƙusa.

"Inna, ina kwana."

Muryar ta dishe, ba wadda ta sani ba ce. Ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta ji gemu, ta ji ramin kunci, ta ji giɓi. Ta janye hannun cikin ladabi.

"Lahiya lau, baƙo. Sannu da hanya. A ba baƙo ruwa."

"Inna, ni na. Halidu."

"A'a. Auta yaro na, bai da gemu. Kuma Auta na da mabuɗinai. In ya zaka, ina ji."

Halidu ya dubi wansa, hawaye na bin gemu. Ya sa hannu a wuyan riga ya jawo igiyar laya. Mabuɗin na nan, ya yi baƙi da gumin shekara bakwai. Hamani ya karɓa, ya goge shi da toka da tsumma, ya shafa masa garin kiriyo, ya mayar masa. 

"Kai kac ce kai za ka buɗe. Bismilla. A hankali."

Mabuɗi ya shiga har ƙarshe. Halidu ya murɗa. Ko gezau. Ya sake, ya ƙara ƙarfi, sai Hamani ya cafke masa wuyan hannu.

"Bari! In ya karye ciki mun gama."

Ya ɗiga mai, ya ƙwanƙwasa jikin kwaɗon da yatsa, ya girgiza, ya sa aka sake gwadawa. Shiru. Kafin nan labari ya zaga, maƙwabta sun cika tsakar gida. Baffa Maigari ya matso yana gyara mayafi.

"To ai mai ɗaki ga shi da rai. Mi ar rage? A kira maƙeri shi zo da guduma."

Bai yi da mugunta ba, amma Inna ta ji. Ta miƙe zaune, bargo ya zame.

"Guduma? Labari ya zo? Auta ya mutu?"

Ta fara salati tana dukan cinya. Halidu ya riƙe ta yana cewa ga shi nan, tana ture shi tana cewa baƙo ya sake ta. Hamani ya tsaya ya tare ƙofar da jikinsa, ya ce ba mai kiran kowa. Amma a ransa ya san ba shi da sauran dabara. Bai taɓa jin ya kasa ba kamar safiyar nan.

Sai Mairama ta fito daga madafa. Wata huɗu ba ta furta kalmar kwaɗo ba. Ta zo ta sa bayan hannu ta taɓa tagullar, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Malam, ba tsatsa ta ba. Sanyi na. Man ya daskare ciki. Ko cikin ƙwarya, da sahiya irin wagga, ba ka ɗibar shi sai ka kai shi kusa da murhu."

Hamani ya dubi kwaɗon. Shi ya san ƙarfe, amma bai taɓa kwana da ƙwaryar man shanu a ɗari ba.

"Wuta za ta kashe wayoyin ciki," ya ce.

"Wa ya ce wuta?"

Ta koma ta zuba rairayi a kasko ta ɗora a murhu. Da ya yi zafi ta juye a tsohon tsumman zane, ta ƙulle, ta zo ta naɗe kwaɗon da shi, ta runtse da tafin hannu biyu, kamar yadda suke gasa wa saniya hantsar da ta kumbura. Rairayin ya huce, ta sake wani. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin komai sai salatin tsohuwa. A karo na uku wani ɗigo mai launin ƙasa ya leƙo daga bakin kwaɗon, ya gangaro ta jikin mabuɗi. Wani ya biyo shi. Warin tsohon mai ya tashi, har Baffa Maigari ya ja da baya.

Hamani ya tsugunna da ƙyar, ya zare mabuɗin ya goge, ya sa gashin kaza ya tsane bakin, ya hure, ya mayar. Ya kama hannun ƙanensa ya ɗora a kai.

"Kamar kana taɓa ƙwai."

Halidu ya murɗa. Mabuɗin ya ɗan yi gardama, sannan ya tafi a hankali. Ƙas. Ƙas.

Salatin Inna ya tsaya cak. Ta karkata kai wajen ƙofar. Sarƙa ta zame, ƙyaure ya yi ƙara.

"Auta?"

"Na'am, Inna."

"Kai da kac ce kahin shibka."

"Na yi laihi, Inna."

Ta lalubo shi, ta damƙi gemun da ta ƙi ɗazu, ta jawo kansa ta kifa a cinyarta tana zaginsa tana kuka. Mata suka rangaɗa guɗa. Hamani ya ga aikinsa ya ƙare. Ya mayar da gashin kazar bayan kunne, ya fara ja da baya don ya ba su wuri.

"Kai mai jan ƙahwa, tsaya."

Ya tsaya. Inna ba ta juyo ba, hannunta na kan Halidu, amma muryarta ta koma irin ta da, lokacin da take da idonta.

"Kana tsammanin barci ni kai? Kowace Juma'a ina jin ka, kana sanɗa kamar ɓarawon kaji. Da na daina jin ka da damina na san ba ka da lahiya, sai ga 'yar mutane da warin man shanu. Na yi shiru don kada ku ji kunya." Ta ja numfashi. "Ni ban ga komi. Zuwan ka ni ke saurare. Na ce ran da kab bar zuwa, ka hidda rai da ƙanenka, ni ma in hidda. Ba ka bari ba."

Ta ɗaga hannu ɗaya a iska, ba daidai inda yake ba. Ya matsa ya sa kansa a ƙarƙashin hannun.

"Allah shi yi ma albarka, Hamani."

Shekararsa arba'in da shida, bai taɓa jin sunan nan a bakin nan ba. Ya ɗauka kunnensa ne. Ya ɗago ya nemi Mairama da ido. Tana tsaye jikin bango tana hura tafin hannunta da suka yi ja, ta gyaɗa masa kai, ita ma ta ji.